DA ZAFI-ZAFI AKAN BUGI ƘARFE: HANZARI DA GARAJE A TSOHON ADABIN HAUSA

Gabatarwa

A 'yan watannin nan wasu sababbin marubuta su huɗu sun kawo mini rubuce-rubucensu domin in duba kafin su fitar da su. Dukansu sun iya Hausa, biyu daga cikinsu ma alƙalaminsu yana da zaƙi ƙwarai. Sai dai ciwo iri ɗaya na tarar a jikin labaran nasu duka. A ɗaya daga ciki, tauraruwar labarin ta gano tun a shafi na 20 cewa ƙawarta ce ta shiga tsakaninta da mijinta, hujja kuma tana hannunta. Maimakon ta tashi ta yi wani abu, sai ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta fito ta ɗora tukunya, aka lissafa mana kayan miya ɗaya bayan ɗaya, ta sake komawa ta yi wani kukan. Ba ta buɗe baki ba sai wajen shafi na 180. Da na tambayi marubuciyar dalilin wannan jan ƙafa, sai ta ce da ni, "Ai Malam, in ta faɗa da wuri labarin ya ƙare ke nan."

Wannan amsa ita ta mai da ni ga tsofaffin littattafanmu da waƙoƙinmu da tatsuniyoyinmu, in ga yadda magabata suka yi da wannan matsala. Abin da na tarar shi ne, a wurinsu tashin tauraro shi ne mafarin labari. Mutanen da ke cikin labaransu ba sa kwana da shawara. Amma kuma ba kowane tashi suke yabawa ba. Sun rarrabe tsakanin hanzari da garaje rarrabewa mai kyau, kuma a kan wannan rarrabewa suka gina da yawa daga cikin ayyukan da har yau muke karantawa. Manufar wannan ɗan nazari ita ce a fito da yadda suka yi, domin mu da ke riƙe da alƙalami yanzu mu ga abin da za mu ɗauka, da kuma abin da ya kamata mu bar musu.

Baki Biyu Na Karin Magana

Duk wanda ya dubi karin maganar Hausa a kan wannan batu zai zaci Bahaushe baki biyu gare shi. Shi ne ya ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, ya ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ne kuma dai ya juyo ya ce sauri ya haifi nawa, gaggawa aikin Shaiɗan, garaje ba ƙarfi ba ne, saurin fushi shi ke kawo da-na-sani.

To amma in an natsu za a ga babu saɓani. Rukuni na farko yana magana ne a kan aikin da an riga an san shi, an san lokacinsa ya yi, abin da ya rage kawai a miƙe. Maƙerin da ya ciro ƙarfe daga wuta ya daɗe da sanin ko fartanya zai ƙera ko lauje. Rukuni na biyu kuwa yana magana ne a kan mutumin da fushi ko kwaɗayi ya tunzura, ya tashi bai san inda ya dosa ba. Na farkon shi ne hanzari, ko himma, na biyun shi ne garaje. Akwai kuma karin magana guda da ta ɗaure su wuri ɗaya, wato ba a fafe gora ranar tafiya. Mai hanzari na gaskiya tuni ya fafe gorarsa, shi ya sa in lokaci ya yi ba ya waiwaye.

Bayajida Da Gizo

Bari mu fara da adabin baka. A labarin kafuwar Hausa Bakwai kamar yadda ake bayar da shi, Bayajida ya iso Daura da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa. Tsohuwa ta ce masa ba a samun ruwa a garin nan sai ranar Juma'a, saboda macijin da ke cikin rijiyar Kusugu. Baƙo bai ce a jira Juma'a ba, bai ce a kira taron dattawa ba. Ya karɓi guga a daren nan, ya tafi rijiya, ya sare kan maciji, ya ɗebo ruwa.

Ba tarihi muke tantancewa a nan ba, wannan aikin masana tarihi ne. Ginin labarin muke dubawa. Gari guda ya saba da jira har jiran ya zame masa al'ada, kowa ya tsara rayuwarsa daga Juma'a zuwa Juma'a. Sai ga mutum ɗaya da ya ƙi yarda cewa ƙishirwa tana da ranar da aka yanka mata. Mai ba da labarin bai tsaya bayyana mana jarumtar Bayajida da dogon kirari ba. Ɗaukar gugan nan da dare ita ta gaya mana ko wane ne shi. Washegari da masu baki suka yi ta da'awar su suka yi aikin, kan macijin da ya ajiye shi ya raba gardama.

Yanzu a kwatanta shi da Gizo a tatsuniyar nan ta Gizo da hankaki. Hankaki suna cin ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar ruwa, Gizo ya ɗanɗana, ya roƙi su tafi da shi, suka ce sai da asuba. Gizo ya kasa barci. Tsakar dare ya tashi ya cinna wuta domin su ga haske su zaci gari ya waye. Da asuba ta yi ta gaskiya, kowane hankaka ya ara masa gashi guda, suka tashi tare. Suna isa bishiya, duk ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani. Hankaki suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a tsakiyar ruwa.

Bayajida ya tashi da dare, Gizo ma ya tashi da dare. Bambancinsu shi ne abin da ya tashe su. Ɗaya buƙata ce ta gaskiya wadda gari duka ke fama da ita, ɗaya kuwa cikinsa ne kawai. Ɗaya ya yi aiki a cikin dare, ɗaya ya nemi ya yi wa dare ƙaryar asuba. Tun muna yara a gindin kakanninmu aka koya mana wannan bambanci, ba tare da an ambaci sunansa ba.

Waƙoƙin Wa'azi: Gobe Ba Ta Hannunka

Idan aka zo ga rubutaccen adabi, babu inda aka matsa wa mai sauraro ya gaggauta kamar waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19, waɗanda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754 zuwa 1817) da 'ya'yansa irin su Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) da almajiransu suka rubuta da ajami, wasu da Fulatanci aka mai da su Hausa, wasu da Hausa kai tsaye. Jigonsu a fili yake: mutuwa ba ta sallama, duniya rumfar kara ce, wanda ya ce sai gobe zai gyara halinsa ya yi alkawari da abin da ba nasa ba.

Abin da ya kamata marubuci ya lura da shi a nan shi ne dabarar da suka bi. Da farko, mafi yawan aikatau a waɗannan waƙoƙi na umarni ne, mawaƙin yana fuskantar mai sauraro ido da ido, yana kiran sa ya farka, ya saurara, ya bari, ya tuba. Na biyu, sukan ɗauko abin da mutum ke gani yana da nisa, wato kabari da hisabi, su ajiye masa shi a gabansa filla-filla har ya ji kamar yau ne. Na uku, sukan jero waɗanda suka shuɗe. Waƙar Bagauda misali ce: ana lissafa sarakunan Kano ɗaya bayan ɗaya da tsawon mulkin kowannensu, ga mulki ga dukiya, amma kowanne ya tafi. Jerin sunayen kansa shi ne wa'azin. Ko sunan waƙar nan Gangar Wa'azu ya isa nuni, domin ba a buga ganga don a amsa ta bayan mako guda.

Amma a lura, mutanen da suka rubuta waɗannan waƙoƙi ba 'yan garaje ba ne. Shehu ya yi kimanin shekara 30 yana karantarwa yana yawon wa'azi kafin ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Da lokacin ya zo, cikin 'yan watanni aka gwabza a Tabkin Kwatto. Shirin ya daɗe, tashin kuwa bai ɗauki lokaci ba. Wannan salo na kiran gaggawa bai mutu da ƙarni na 19 ba. Aliyu Namangi ya ci gaba da shi a Infiraji, Sa'adu Zungur kuma, wanda ya rasu a 1958, ya juya shi zuwa fagen siyasa a waƙarsa ta Arewa Jamhuriya Ko Mulukiya, inda ya gargaɗi sarakuna da jama'ar Arewa su gyara tun kafin zamani ya gyara su da ƙarfi.

Littattafan Gasar 1933

A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, wadda ta haifar mana da littattafan nan biyar da muka sani: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ƙanana ne, ana iya karance kowannensu a zama ɗaya ko biyu, amma a cikinsu an ratsa ƙasashe, an shafe shekaru. Bari mu dubi huɗu daga ciki.

A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ɗan Sarki ba shi da lafiya, Liman ya ce da za a sami ruwan Bagaja da ya warke, aka ɗauki maganarsa wasa, aka muzanta shi a fada. Alhaji Imam, wanda Liman ya riƙe a matsayin ɗa, bai zauna yana tsaki ba. Ya ɗaura niyya ya fita neman ruwan da babu wanda ya san inda yake. Marubucin bai ɓata shafuka a kan ko zai tafi ko ba zai tafi ba. Shawarar gajera ce, hanyar ce mai tsawo, shekara da shekaru, da ɗauri da duka da wasan kura tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Ga amsar marubuciyar da na ambata a farko: da Alhaji bai tashi da wuri ba, da babu Zurƙe, da babu littafin gaba ɗaya.

Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya ɗauki irin wannan tashi ya juya shi ta baibai. Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya aure ta. Cikin zafin rai Abubakar ya yi alwashin ramuwa, ya bar gari neman asirin da zai lalata ɗan da za a haifa. Shi ma ya sha wuyar hanya kamar Alhaji Imam, shi ma ya sami abin da ya fita nema. Sakamakon shi ne yaron, Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ya zama sanadin mutuwar mahaifinsa, shi kuma Abubakar bai ci ribar komai ba. Abin da ya sa wannan littafi ya fi 'yan'uwansa ratsa zuciya shi ne, ya nuna cewa garaje ba a ƙafa yake ba, a zuciya yake. Abubakar ya yanke hukunci cikin fushin rana ɗaya, sa'an nan ya kashe shekaru yana yi wa wannan fushi bauta da haƙuri da juriya. Kowace wahala da ya haɗu da ita a hanya dama ce ta ya sake tunani, bai sake ba.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa wani abu ne daban. In aka duba da kyau, Umar kansa kusan bai yanke wata shawara ba a rabin farko na littafin. Sace shi aka yi, aka riƙe shi, aka miƙa shi ga Balarabe Abdulkarim, aka ƙetare Sahara da shi. Wadda ta tashi da ƙafarta ita ce mahaifiyarsa. Ta kasa zama, ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, aka kai ta har Murzuk, ba ta sake ganin ɗan nata ba sai gab da rasuwarta. Shin hanzari ta yi ko garaje? A ganina littafin bai yanke mata hukunci ba, kuma nan ne ƙarfinsa yake. Dalilinta mai kyau ne, babu uwar da za ta zarge ta, amma zamanin da take ciki, zamanin farautar bayi, ba ya barin mace ita kaɗai ta yi tafiya lafiya. Laifin yana kan zamanin. Duk da Umar ne sunan littafin, uwar nan ce mai karatu ke tunawa bayan ya rufe shi, saboda ita ce ta yi motsi, ita ce kuma ta biya.

Ganɗoki na Bello Kagara shi ne ya fi su duka gudu, kuma a nan ne zan yi ƙorafi. Kashin farko, inda jarumin ke fafatawa da sojan Turawa har zuwa yaƙin Burmi na 1903, yana da nauyi, domin mai karatu ya san an yi waɗannan yaƙe-yaƙe, ya san an sha kashi, ya san akwai abin da za a rasa. Amma da labarin ya koma ƙasashen aljanu, sai Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka dinga cin yaƙi bayan yaƙi ba tare da ko ƙwarzane mai ciwo ba. Takobi na fita kube, magana ta ƙare. A nan saurin ya daina tayar da hankali, domin an riga an san ƙarshen kowace arangama tun kafin a fara. Saurin da ba ya jawo wa mai shi asarar komai, gajiyar da mai karatu yake yi, daidai da yadda jan ƙafa ke gajiyar da shi. Ko Ruwan Bagaja ma bai tsira daga wannan ba, domin a ƙarshensa taimakon aljanu ya gajarce abin da ya kamata wuyar Alhaji ta kawo.

Akun Da Ya Sayi Lokaci

Wani zai ce, to ai babban littafinmu na zube, Magana Jari Ce, a kan jinkiri aka gina shi. Haka ne, kuma ya dace mu tsaya a kansa. Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya a 1936, aka buga shi kashi uku daga 1937 zuwa 1939. A littafi na farko Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana ƙulla makirci a fitar da yaron daga fada a hallaka shi. Shi kuwa Musa, jinin ƙuruciya na ɗibarsa, kullum dare sai ya yi shiri zai bi sawun rundunar. Matar aku ta fito masa a fili ta hana shi, ya kashe ta. Aku ya ga abin da ya faru, nan take ya sake dabara. Bai ce wa Musa kada ya tafi ba, sai dai ya jefa masa bakin wani labari, Musa ya tsaya jin ƙarshensa, kafin a gama gari ya waye. Haka aka yi ta yi dare bayan dare har Sarki ya dawo.

Wannan tsari na mai ba da labari da ke sayen lokaci da bakinsa tsoho ne, akwai shi a labaran aku na Indiya da Farisa, akwai shi a Dare Dubu Da Ɗaya. Amma a dubi yadda yake aiki. Jinkirin da ke cikin Magana Jari Ce yana da mai yin sa, yana da dalili, yana da haɗari. Kowane dare ran Musa yana kan siraɗi, ran aku ma haka, domin ya ga abin da aka yi wa matarsa. Musa shi ne mai garaje, aku kuwa shi ne mai hanzari na gaskiya, don shi ne kullum yake da 'yan daƙiƙu kaɗan ya samo labarin da zai riƙe yaro mai takobi a hannu. Wato ko da Imam ya so ya jinkirta, sai da ya sa wani yana ja, wani yana turjewa. Wannan ya sha bamban da tauraruwar da ke kuka shafi 160 ba tare da wani ya hana ta magana ba in ban da marubuciyarta.

Saurin Da Ke Cikin Harshen Kansa

Ba a jigo kaɗai magabata suka nuna hanzari ba, har a ginin jimla. Hausa tana da kayan aikin gudu waɗanda muka fara mantawa da su. Akwai jeren gajerun aikatau a shuɗaɗɗen lokaci, irin su: ya tashi, ya ɗaura sirdi, ya hau, ya kama hanya. Aiki huɗu a layi ɗaya, babu wanda aka tsaya yi wa sharhi. Akwai kalmar "sai" wadda ke ɗaure wani aiki a wutsiyar wani. Akwai "ko da" da ke sa ji da aikatawa su zama abu guda, kamar a ce ko da ya ji haka sai ya miƙe. Akwai sassan jimla irin su nan da nan, kan ka ce kwabo, bai yi wata-wata ba, gari na wayewa, bai zame ko'ina ba sai fada. Sa'an nan ga amsa-kama: zumbur, wuf, farat, caraf, tsam, fit. Kalma ɗaya daga cikin waɗannan takan ɗauke wa marubuci nauyin jimla uku.

Haka kuma sun iya tsallake lokaci. In babu abin da ya faru a shekara bakwai, sai su ce bayan shekara bakwai, su wuce. Inda suke rage gudu shi ne inda ake fuskantar juna: gaban alƙali, gaban Sarki, ko inda wayo ya haɗu da wayo. A nan ne za ka ga zance ya yi tsawo. Mu kuwa sau da yawa mukan yi akasin haka, mu kashe shafi uku a kan kwalliyar amarya da kujerun falo, sa'an nan mu gama babban rikicin littafin a sakin layi guda.

Ba ina cewa mu koma rubutu irin na 1934 ba ne. Waɗannan littattafai suna da nasu rauni. Ba kasafai suke shiga zuciyar mutum su nuna mana kokawarsa da kansa ba, mata kuma in ban da kaɗan ba su da murya a cikinsu. Marubutan da suka taso a Kano da sauran garuruwa daga shekarun 1980, musamman mata, sun buɗe wannan ƙofa, kuma ci gaba ne na gaske. Abin da nake cewa shi ne, shiga zuciyar tauraro bai zama dalilin ɗaure masa ƙafa ba.

Kammalawa

Me ya jawo mana jan labari? Kasuwa tana da hannu. A shekarun 1990 an saba raba littafi ɗaya zuwa na ɗaya da na biyu da na uku domin a sayar sau uku. Yanzu kuma da yawa suna sakin labari shafi-shafi kullum a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na jiran na gobe, marubuci na tsoron ranar da labarin zai ƙare. Ba na raina neman halak. Amma aku ma kullum dare yake ba da labari, bai taɓa cika daren da lissafin kayan miya ba.

Saboda haka ga tambayoyi huɗu da nake ba 'yan'uwa shawara su yi wa rubutunsu kafin su sake shi. Ta farko, a wane shafi taurarona ya san abin da ya kamata ya yi, a wane shafi kuma ya yi shi? In tazarar tana da yawa, wa ya riƙe shi, ko me ya riƙe shi? In amsar ita ce ni marubuci na riƙe shi, to a yanke. Ta biyu, me ya tashe shi, buƙata ce irin ta Bayajida ko kwaɗayi irin na Gizo, kuma ni kaina na san wanne ne? Ta uku, me tashin nan ya jawo masa? In bai rasa komai ba, an koma ƙasar aljanun Ganɗoki. Ta huɗu, shin na shirya mai karatu kafin babban aiki ya auku? Saki uku da mari da haɗarin mota da ke faɗowa daga sama ba hanzari ba ne, garajen marubuci ne da ya rasa mafita.

Wannan ta ƙarshe ta shafe mu har a wajen takarda. Cikinmu akwai wanda ya shekara goma yana cewa zai rubuta littafi, bai ɗora alƙalami ba, yana jiran Juma'ar da ba ta zuwa. Akwai kuma wanda ya gama rubutu da daddare ya sake shi da safe, ko sake karantawa bai yi ba. Imam ya rubuta Magana Jari Ce cikin kimanin wata shida, amma kafin nan ya yi karatun allo da na boko, ya koyar a Midil ta Katsina, ya riga ya fitar da Ruwan Bagaja, ya kuma zauna ya karance tarin littattafan labaran Gabas da na Turai da aka tara masa. Wata shidan nan bugun ƙarfe ne kawai, zugar ta daɗe ana yi.

Marubuciyar da na ba da labarinta ta karɓi shawara, ta koma ta sa tauraruwarta ta fuskanci ƙawar tata a shafi na 25. Ta dawo tana gaya mini cewa yanzu matsalarta ita ce abubuwan da suka biyo baya sun yi mata yawa, ba ta san wanda za ta bari ba. Na ce mata wannan ita ce matsalar da ake so marubuci ya samu. Ina fata 'yan'uwa da ke da wani ra'ayi dabam, musamman a kan abin da na faɗa game da Ganɗoki da mahaifiyar Shaihu Umar, za su aiko da martani a fitowa ta gaba. Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.